Me Ya Sa Waya ke Neman a Sabunta Ta, Kuma Me ke Faruwa Idan An Ƙi?

A ranar 3 ga Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya da su katse sabis a faɗin jihar Zamfara, bayan gwamnatin Bello Matawalle ta nemi hakan domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. Kwana goma da yin haka, ranar 13 ga watan, kamfanin Apple ya fitar da iOS 14.8 cikin gaggawa. Masu bincike na cibiyar Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto a Kanada ne suka gano wata ɓaraka a iMessage da ake bi ta cikinta a dasa wa iPhone manhajar leƙen asiri mai suna Pegasus. Mai wayar ba sai ya danna komai ba. Saƙo ya shigo, an gama.

A makon nan masu iPhone a ko'ina suka yi ta sauke gyaran. Na Gusau kuwa, in ba wanda ya yi tafiya ya bar jihar ba, sai da ya jira 1 ga Oktoba, ranar da aka maido da sabis a babban birnin. Mutanen Tsafe da Bungudu da sauran ƙananan hukumomi sun fi shan jira, don sai ƙarshen Nuwamba gwamnati ta sanar da ɗage dokar. Wayoyin Android ma haka abin ya same su: duk gyare-gyaren tsaron da aka fitar a watannin nan sun wuce su. Gaskiya ne wayar da ba ta da sabis ba mai iya aiko mata da mugun saƙo. Matsalar tana ranar da sabis ya dawo, waya ta koma intanet da ramukan da kowa ya riga ya san inda suke.

Wancan karon dole ce ta sa. Yanzu sabis na nan, amma ba abin mamaki ba ne a karɓi wayar matashi a Tudun Wada ko Samaru a tarar ta shekara guda ba a sabunta ta ba. Saƙon zai fito a saman sikirin, a share shi da yatsa, gobe ya dawo, a sake sharewa. Masu yin haka suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne na banza ba: data ta yi tsada, wuta ba tabbas, wuri ya cika, ga kuma labarin wani da ya yi afdet wayarsa ta rikice. Sai dai wayar da ake yi wa wannan riƙon sakainar kashi ita ce ke ɗauke da OPay da Moniepoint da PalmPay da manhajar banki, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da ya sa har mai shayi da mai nama suka koma karɓar taransifa.

Abu uku ne ake kira da suna ɗaya

Kusan kowace waya komai-da-ruwanka tana tafiya ne a kan babbar manhaja, wato Android ta Google ko iOS ta Apple. Babbar manhajar nan rubutun umarni ne mai layi miliyoyi, mutane ne suka rubuta shi, ɗan Adam kuwa ajizi ne. Kuskuren da ke cikinsa iri biyu ne. Akwai wanda ke nuna kansa: kamara ta ƙi buɗewa, waya ta riƙa ɗaukar zafi, Bluetooth ya ƙi kama abin sauraro, caji ya riƙa zuba ba dalili. Akwai kuma wanda ba ya nuna kansa ko kaɗan. Waya na aiki lafiya lau, amma a wani lungu na rubutun akwai tsagar da duk wanda ya san ta zai iya bi ya shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma irin wannan tsaga masana tsaro ke farauta dare da rana, ɓarayi ma na farautarta, kowa na son ya riga wani.

Abin da ake kira afdet a dunƙule kashi uku ne. Na farko shi ne sauya babbar manhajar gaba ɗaya, kamar daga Android 13 zuwa 14. Wannan sau ɗaya yake zuwa a shekara, in ma zai zo, yakan ci gigabait ɗaya zuwa sama, kuma shi ne ke sauya kamannin waya. Na biyu shi ne facin tsaro. Kamar facin taya yake: ba ya sauya taya, inda ke yoyo yake toshewa. Yawanci ya fi na farkon sauƙin nauyi nesa ba kusa ba, kuma bayan an gama sa shi mai waya ba zai ga wani sabon abu ba, shi ya sa ake raina shi. Na uku shi ne sabunta manhajoji ɗaiɗai irin su WhatsApp da Chrome da TikTok ta Play Store ko App Store. A nan akwai wani ƙarin sauƙi: tun daga Android 10 da ta fito a 2019, Google ya ware wasu sassa na babbar manhajar yana gyara su da kansa ta hanyar Play, ba sai ya jira kamfanin da ya ƙera wayar ba.

Facin tsaro na a-kai-a-kai ba tsohon abu ba ne. A Yulin 2015 wani mai bincike na kamfanin Zimperium, Joshua Drake, ya bayyana ɓarakar da aka sa wa suna Stagefright, a sashen Android da ke karanta bidiyo. An ƙiyasta ta shafi wayoyi kusan miliyan 950, kuma saƙon MMS guda ya isa a bi ta cikinta. Google na da gyaran a hannu, amma ba shi da hanyar kai shi wayoyin jama'a da sauri. Daga Agustan shekarar ya fara fitar da facin tsaro wata-wata, daga baya kuma aka ƙara wani layi a cikin saitin waya da ke nuna kwanan watan facin ƙarshe da ta samu.

Layin nan ya fi lambar Android ɗin kanta ba da labari. Ana samunsa a Settings, a gangara zuwa About phone, a taɓa Android version, a nemi inda aka rubuta Android security update ko security patch level. Sunan na ɗan bambanta tsakanin HiOS ta Tecno da XOS ta Infinix da One UI ta Samsung, amma kwanan wata ne za a gani. Ɓarakar da aka gano bayan wannan rana tana iya kasancewa a buɗe a wayar.

Ranar da aka fitar da faci, ranar asiri ke tonuwa

Ga abin da yawancin masu jinkirta sabuntawa ba su lura da shi ba. Idan Google ko Apple suka toshe ɓaraka, ba a ɓoye suke yi ba. Suna wallafa jerin abubuwan da suka gyara, kowanne da lambarsa da sashen da ya shafa. Na Android ma rubutun umarninta a buɗe yake, kowa na iya kwatanta na jiya da na yau ya ga ainihin layin da aka sauya. Wato ramin da a da mutum biyu ko uku ne suka san shi, daga ranar da aka yi masa faci ya zama sanin duk mai son sani. Wayar da ta karɓi facin ta huta. Wadda ba ta karɓa ba kuwa ta fi shiga haɗari a yau fiye da makon jiya, alhali ba abin da ya sauya a jikinta.

Misalin da ya fi kusa da kowa shi ne na WhatsApp. A Mayun 2019 kamfanin ya sanar da cewa an yi amfani da wata ɓaraka a sashen kiran murya wajen kutsawa cikin wayoyin wasu mutane, waɗanda daga baya ya ce sun kai kimanin 1,400. Kira kawai ake yi, ko ba a ɗauka ba. A Oktoban shekarar WhatsApp ya maka kamfanin NSO Group na Isra'ila, mai Pegasus, a kotu a Amurka. Maganin da aka ba jama'a a lokacin bai wuce abu ɗaya ba: a shiga Play Store ko App Store a sabunta WhatsApp.

Kada a tsorata da yawa. Pegasus kaya ne mai tsadar gaske da gwamnatoci ke saya, kuma 'yan jarida da masu fafutuka da 'yan siyasa aka fi samu an ɗana wa. Ba wanda zai kashe irin wannan kuɗi a kan ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau ko mai POS a bakin kasuwar Tsafe. Amma ɓaraka ba ta mutuwa, tsufa take yi, in ta tsufa kuma sai ta yi araha. Abin da bana sai ƙwararru ke iya yi, bayan shekara biyu ko uku za a same shi an haɗa shi cikin manhajar bogi da ƙananan 'yan damfara ke yaɗawa, su kuwa ba su zaɓen mutum. Taru suke jefawa, duk tsohuwar wayar da ta faɗo tasu ce.

Me ya sa wata waya ke samu, wata ba ta samu?

Apple shi ke ƙera iPhone, shi ke rubuta iOS, shi ya sa in ya fitar da gyara duk iPhone ɗin da yake kula da ita za ta samu rana ɗaya, a Gusau take ko a Landan. Android ba haka take ba. Google zai fitar da faci, sai kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwar waya, irin su MediaTek da Unisoc da Qualcomm, su ƙara nasu gyaran. Daga nan kamfanin wayar ya ɗauka ya daidaita shi da tasa manhajar, ya gwada a kan kowane samfuri ɗaya bayan ɗaya, sannan ya saki kashi-kashi. Shi ya sa abokai biyu masu waya iri ɗaya, wani zai ga saƙon yau, wani sai bayan mako biyu.

Kowane mataki a nan kuɗi ne da ma'aikata. Wayoyin da suka fi yawa a hannun matasan Zamfara, Tecno da Infinix da itel, duka na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen a China, wanda ya fi kowa sayar da waya a Afirka. Ƙarfinsa shi ne araha da batir mai jure rashin wuta da gurbin sim biyu. Amma kamfanin da ke fitar da samfura da yawa a shekara, a kan riba ƙarama, ba zai iya bin kowane samfuri da faci na tsawon shekaru ba. A 'yan shekarun nan ya fara yi wa wasu manyan samfuransa na Camon da Note alƙawarin facin tsaro na kimanin shekara uku, ƙananan kuwa sukan tsaya tun kafin haka. A ɗaya ɓangaren, Google ya yi wa Pixel 8 ta 2023 alƙawarin shekara bakwai, Samsung ya yi wa Galaxy S24 ta 2024 irinsa, har Galaxy A16, wadda ba ta cikin manyan wayoyi, ya ba ta shekara shida. Tarayyar Turai ma ta mai da abin doka: daga 20 ga Yunin 2025, sabuwar wayar da za a shigar kasuwarta sai an ci gaba da sabunta ta aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da ita. Mai saye a nan kuwa shi zai tambaya wa kansa.

Wani abu da ya faru da Tecno W2 ya nuna yadda gyara ke fita amma ya kasa isa hannun masu buƙatarsa. A Agustan 2020 sashen tsaro na kamfanin Upstream, mai suna Secure-D, ya ba da rahoton cewa wayoyin W2 kimanin 53,000 sun iso kasuwa ɗauke da muguwar manhaja mai suna Triada. Ita ke janyo wata mai suna xHelper da ke yi wa mutum rajistar abubuwan biya a ɓoye, tana cinye masa kati da data, kuma ko an goge wayar an mai da ita kamar sabuwa ba ta fita. An fi ganin abin a Habasha da Masar da Afirka ta Kudu da Ghana da Kamaru. Transsion ya ce wani daga cikin masu kawo masa kaya ne ya cusa ta ba da saninsa ba, kuma ya fitar da gyaran tun 2018. Shekara biyu ke nan magani na nan, amma wayoyin da ba a sabunta ba suna ta zubar da kuɗin masu su.

"Afdet na lalata waya": ina gaskiyar take?

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, kuma kamfanonin ne suka jawo. A Satumban 2014 Apple ya fitar da iOS 8.0.1, sai sababbin iPhone 6 suka daina kama sabis, dole ya janye ta a ranar. A Disambar 2017 ya amsa cewa sabuntawar da ya yi tana rage saurin iPhone 6 da 6s da SE da 7 idan batirinsu ya tsufa. Ya ce don kada su riƙa mutuwa ba zato ne, amma bai gaya wa masu su ba, kuma a Fabrairun 2020 Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 kan wannan ɓoyon. A ɓangaren Android, ranar 22 ga Maris 2021 wani gyara da aka yi wa sashen da ake kira Android System WebView ya sa Gmail da manhajoji da dama suka riƙa rufe kansu a wayoyi a faɗin duniya. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga igiya sai ya yi tsalle.

Sai dai a duba yadda aka fita daga waɗannan matsaloli. Na iPhone 6, iOS 8.0.2 ce ta gyara. Na WebView, sabon WebView da sabon Chrome ne suka gyara cikin 'yan sa'o'i. Kuskuren sabuntawa, sabuntawa ce ke gyara shi.

Wani abin da ke tsorata mutane kuma ba lalacewa ba ne. Bayan an sa babbar sabuntawa, waya takan yi kwana ɗaya ko biyu tana sake tsara manhajoji da hotuna a bayan fage. A lokacin takan ɗauki ɗumi, caji ya riƙa saurin ƙarewa, sannan ta daidaita. Wanda ya yanke hukunci a daren farko zai ce an kashe masa batir.

Inda tsoron ke da tushe sosai shi ne ƙananan wayoyi masu RAM gigabait 2 da ma'adana gigabait 32. Sabuwar Android gaba ɗaya na iya yi musu nauyi, kuma in an hau ba a saukowa cikin sauƙi. Don haka raba abu biyun nan ya fi hikima. Babbar sabuntawa, wadda ke sauya lambar Android ko iOS, ba laifi a bar ta ta yi mako ɗaya ko biyu, a ji abin da masu irin wayar suka ce. Facin tsaro da sabunta WhatsApp da Chrome da manhajar banki kuwa ba su da dalilin jira.

Yadda ake yi a inda wuta da sabis ba su da tabbas

Shawarar da kamfanoni ke bayarwa ita ce a haɗa waya da Wi-Fi, a sa ta a caji, a kwanta barci. An rubuta ta ne don gidan da wuta ba ta ɗaukewa. A Zamfara, inda ake jiran abin da Kaduna Electric ya aiko, ga kuma kuɗin data da NCC ta amince a ƙara da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, sai an ɗan yi dabara.

Sabuntawa mataki biyu ce, saukewa da sakawa, kuma ba dole a yi su lokaci ɗaya ba. Saukewa ce ke cin data da neman sabis mai ƙarfi. Ana iya yin ta da tsarin data na dare da kamfanoni ke sayarwa da rahusa, lokacin da cunkoso ya ragu. Wanda ke ƙauyukan Bungudu ko Tsafe inda sabis ke rawa, zai iya bari sai ranar da ya shigo Gusau ya sauke, ya koma gida ya saka. In sabis ya yanke ana tsaka da saukewa ba abin damuwa ba ne, yawancin wayoyi daga inda suka tsaya suke ci gaba, kuma ba sa sakawa sai sun tabbatar fayil ɗin ya cika. Wasu wayoyin sukan ƙi sauke babban fayil da datar sim. A nan sai a kunna hotspot a wata wayar a jona, domin a wurinta wannan ma Wi-Fi ne.

Sakawa ce ke da haɗari, ita kuma caji take so, ba data ba. Idan waya ta mutu tana tsakiyar rubuta sabuwar manhaja, tana iya maƙalewa a tambarin kamfani ta ƙi wucewa. Tun Android 7 akwai tsarin da ke ajiye tsohuwar manhaja a gefe har sai sabuwar ta tashi lafiya, amma ba duk wayoyi ke da shi ba. Abin da ya fi shi ne kada a fara sai caji ya haura rabi, ko a jona fawa-bank, kuma in an ga ta tsaya a wuri ɗaya minti goma ko ashirin a ƙyale ta, kada a danne makunni. Haka kuma ba dabara ba ce a buɗe waya a danna sabuntawa a miƙa wa mai shagon caji a tafi. A karɓo ta cike, a yi a gida.

In wuri ne ya yi kaɗan, kusan kullum ɓarawon na cikin WhatsApp: bidiyon guruf-guruf da ke sauka da kansu. A cikin saitinsa akwai Manage storage da ke jera manyan fayiloli a goge.

Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan jawo kuka, wato makullin Gmail. Mutane da yawa a shago aka buɗe musu adireshin ranar da suka sayi waya, ba su taɓa riƙe kalmar sirrin ba. Tun Android 5.1 ta 2015, wayar da aka goge ta ƙarfi sai ta nemi asusun Google ɗin da ke kanta kafin ta buɗe. An yi haka ne don maganin ɓarayi, amma yana kama mai kaya in ya manta. iPhone ma haka take da iCloud. Kafin a taɓa babbar sabuntawa, a tabbatar an san adireshin da kalmar sirrinsa, lambobin mutane na kan Google ba a kan wayar kaɗai ba, kuma WhatsApp ya yi ajiyarsa.

Sabuntawa ta bogi

'Yan damfara sun san ana yi wa mutane wa'azin sabunta waya, sai suka shigo ta nan. A Maris ɗin 2021 Zimperium ya gano wata manhajar leƙen asiri da ta sa wa kanta suna System Update. Ba a Play Store take ba, daga waje ake sauke ta, tana nuna saƙo kamar na gaske alhali tana kwashe saƙonni da hotuna, tana naɗar kira. Ƙa'idar gane irinta mai sauƙi ce: sabuntawar gaske daga cikin Settings take zuwa, ko Play Store, ko App Store. Ba ta zuwa ta link a guruf, ba ta zuwa ta shafin da ya buɗe kansa yana ihun cewa waya ta kamu da cuta, kuma ba a tura ta ta Xender.

GBWhatsApp da 'yan'uwansa ma a layin nan suke. Ana son su don ɓoye alamar karanta saƙo da ganin abin da aka goge, amma ba kamfanin WhatsApp ne ke yin su ba, kuma duk lokacin da suka ce a sabunta, fayil ne ake saukowa daga shafin da ba wanda ya san mai shi. A Agustan 2021 kamfanin Kaspersky ya samu Triada, wadda aka ambata a labarin Tecno W2, a cikin wani FMWhatsApp. Ban da haka WhatsApp na rufe lambobin da ya kama suna amfani da su.

Filashin da masu gyara ke yi shi ma ba sabuntawa ba ne. Goge manhajar waya ne a sake zuba wata daga kwamfuta. Yana ceto wayar da ta maƙale, amma ingancinsa ya danganta da inda mai gyaran ya samo fayil ɗin, kuma sau da yawa tsohuwar manhaja ake zubawa. Duk wanda aka yi wa filashin, abin da ya kamata ya fara yi shi ne ya duba kwanan watan facin nan, ya nemi sabuntawa daga Settings.

Akwai kuma ɓarakar da ba kamfanin da ya taɓa yi mata faci. Wanda aka kira aka ce daga banki ne, ya karanto lambar OTP ko ta BVN da bakinsa, ko wayarsa jiya aka sabunta ta kuɗin sun tafi.

Idan kamfani ya daina aikowa

Wata rana za a shiga System update a ga an rubuta cewa waya na kan sabuwar manhaja, alhali kwanan watan facin ya shekara biyu. Ma'anarsa ba wai wayar ta cika ba ne, kamfanin ne ya sallame ta. Daga nan manhajoji ke fara janye jiki ɗaya bayan ɗaya. WhatsApp ya daina aiki a kan Android ɗin da ba ta kai 5.0 ba tun Oktoban 2023, a 2025 kuma ya daina a kan iPhone ɗin da ba ta kai iOS 15.1 ba, abin da ya fitar da iPhone 5s da 6 da 6 Plus. Manhajojin banki ma sukan ɗaga nasu ma'aunin lokaci-lokaci.

Wannan ya fi shafar mai sayen 'yar gwanjo, wadda 'yan kasuwa ke kira landan yus. iPhone 6s da 7 sun tsaya a iOS 15. iPhone 8 da X sun tsaya a iOS 16. XR da XS sun tsaya a iOS 18, ba su samu iOS 26 da ta fito a Satumban 2025 ba. Apple kan jefo wa irin waɗannan facin tsaro jefi-jefi idan ɓarakar ta yi muni, amma ba a kai a kai ba. Wayar na iya zama tsaf ba ko ƙwarzane, batir lafiya, amma kwanakinta a wurin kamfani ƙidayayyu ne, kuma ya kamata hakan ya fito a farashi.

Mai shirin sayen waya a Bebeji Plaza a Gusau, ko wanda zai aika a sayo masa daga Farm Centre a Kano, yakan tambayi girman kamara da RAM da ƙarfin batir. Tambayoyi biyu ne ba a cika yi ba: wace shekara samfurin ya fito, kuma shekara nawa kamfanin ya ce zai bi shi da faci? Ƙidayar daga shekarar fitowa take farawa, ba daga ranar saye ba, don haka wayar da ta shekara biyu a kwali ta riga ta cinye shekara biyu daga cikin rabonta. In 'yar gwanjo ce, minti ɗaya ya isa a buɗe About phone a gaban mai shago a karanta kwanan watan kafin a biya.

Wanda kuma tasa ta riga ta tsufa kuma ba halin sauyawa yanzu, yana da sauran abin yi. Ya bar Play Store ya riƙa sabunta Chrome da WebView da WhatsApp, ya duba Google Play system update a sashen tsaro in wayar ta kai Android 10, ya daina saka manhaja daga waje, ya kashe Bluetooth in ba ya amfani da shi. Manhajar da ke riƙe da jarin shago kuwa, in akwai wata waya a gidan da har yanzu ke samun faci, gara ta koma can, tsohuwar ta zauna a kira da kallo.